Yadda na gano ƙofar da muke sayarwa a faɗuwa

Ina riƙe da littattafan kuɗi na wata ƙaramar masana'antar ƙarfe a Sharaɗa, cikin Kano. Muna yin ƙofofi, tagogi, teburan makaranta da ƙafafun tankin ruwa, kuma kowane aiki da nasa mai shi da nasa awo. A irin wannan sana'a ba a tara kuɗin wata a raba da yawan kayan da aka yi, yadda masu ruwan leda ko masu niƙa gari suke yi, domin su kayansu iri ɗaya ne. Mu dole kowane aiki a buɗe masa nasa lissafi. Lambobin da zan kawo na daidaita su don su yi sauƙin bi, amma tsarin shi ne wanda muke aiki da shi.

Da na zo, yadda ake yanka farashi shi ne a lissafa ƙarfe da fenti da kuɗin hannu, sai a ɗora wani abu a kai da sunan riba. Aiki bai taɓa yankewa ba, amma duk ƙarshen wata sai an ci kafin alƙalamin sabon aiki kafin a biya albashi. Duk masana'antar da ka ga tana haka, ba kasuwa ta rasa ba, lissafi ta rasa.

Na fara da katin aiki. Duk aikin da aka karɓa ana ba shi lamba, a rubuta ta da alli a jikin ƙarfen, a rubuta ta a kati. Katin yana da gida uku: kaya, ƙwadago, da kuɗin ɗawainiya, wato hidimomin masana'anta da ba na aiki guda ba kamar haya da gas, wanda akantoci ke kira obahed. Sito ba ya fitar da ko guntun fayif sai da takarda mai ɗauke da lambar aiki da sa hannun foman. Kwafi uku ake yi, ɗaya na sito, ɗaya nawa, ɗaya a manne a kati. Abin da ya rage aka mayar shi ma da takardarsa, in ba haka ba aikin farko ya ɗauki nauyin ƙarfen da aiki na biyu ya ci, sai na biyun ya fito da ribar ƙarya.

Farantin ƙarfe ƙafa 4 ne a ƙafa 8. Idan ƙofa ta ci kashi uku cikin huɗu, ragowar kuma ba ta isa wani abin kirki ba, faranti guda nake rubuta wa aikin. Abin da 'yan gwangwan suka biya na buraguzai ina rage shi daga kuɗin ɗawainiya, ban tsaya raba shi aiki-aiki ba, wahalar ta fi kuɗin. Wayar walda da dutsen yanka su ma ɗawainiya ne a ƙananan ayyuka, amma idan kwangila ce babba da za ta cinye kwalaye, ina rubuta mata su kai tsaye.

Farashin kaya kuwa iri biyu nake riƙewa, kuma rashin bambanta su ya taɓa cutar da mu. A littafi ina amfani da matsakaicin farashin abin da ke sito. Wajen ba kwastoma farashi kuwa, na yau a kasuwar Ƙofar Ruwa nake dubawa, domin da shi za mu mayar da abin da muka fitar. Bayan an sakar wa kasuwa darajar naira a watan Yunin 2023, ƙarfe ya riƙa tashi kafin a gama aikin da aka yi ciniki. Daga nan muka fara rubuta adadin kwanakin da farashinmu zai yi a kan takardar ciniki, kuma muna sayen ƙarfen aikin da zarar kafin alƙalami ya shigo.

Ƙwadago bai ba ni wahala ba inda ake jinga, tunda an riga an san kuɗin kowace ƙofa. Masu albashi ne sai da takardar awa. Ma'aikata 15, awa 8 a yini, kwana 6 a mako, mako 50, ya kama awa 36,000 da muke biya a shekara. Da na tara awannin da suka hau katunan aiki, wajen 30,000 na samu. Sauran sun tafi a jiran wuta, jiran kaya, shara, sauke mota da gyaran inji. Waɗannan ba laifin wani kwastoma ba ne, don haka kuɗinsu ɗawainiya ne. Haka ma ƙarin kuɗin obatayim: idan mai aiki ne ya matsa yana so kafin ranar biki, shi zai ɗauka, idan kuma mu ne muka tara wa kanmu aiki, ya shiga ɗawainiya.

A kuɗin ɗawainiya ne na yi babban kuskurena. Na ƙiyasta na shekara naira miliyan 36: gas na janareta, kuɗin wuta, gyara, tsufan injuna, haya, albashin foman da mai sito da maigadi, da awannin zaman banza. Na raba da awa 30,000, ya ba ni naira 1,200 a kowace awar ƙwadago. Haka aka fi koyarwa, kuma ba laifi ba ne a wurin da hannu ke yin yawancin aiki. Na yi wata da watanni ina ɗora wannan adadi a kowane kati, ina ganin na gama.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne yadda kasuwa take amsa mana. Duk kwangilar teburan makaranta da muka nema sai wani ya kayar da mu a farashi. Ƙofofin tsaro masu kauri kuwa, ko tayi ba a yi mana, mutum ya ji kuɗi sai ya ce a fara. Idan kwastoma bai taya ba a Kano, to ka koma ka duba lissafinka.

Na ɗauki kujera na zauna a filin aiki da littafi, mako biyu, ina rubuta lokacin da kowane inji ya tashi da lokacin da ya tsaya, da lambar aikin da ke kansa. Teburin makaranta yankan siririn fayif ne, ɗan ɗigon walda, sauran kuwa huda da ɗaure katako da goge-goge, duk aikin hannu. Ƙofar tsaro sai an yanka faranti mai kauri, an lanƙwasa shi a inji, an yi doguwar walda, an goge da giranda, an fesa fenti da kwamfuresa. Ranar ƙofa, babban janareta ba ya hutawa, har ƙararsa takan canza idan injin lanƙwasa ya kama. Ranar teburi, da rana ma akan kashe shi. Amma a katina teburi ne ke biyan kuɗin gas, don kawai shi ya fi cin awannin mutane.

Sai na raba ɗawainiyar tukunya biyu. Ta farko duk abin da inji ke jawowa: gas, wuta, man inji, gyara, tsufan inji, dutsen yanka. Ta tashi miliyan 24. Injuna suna yin wajen awa 6,000 a shekara, wato naira 4,000 kowace awar inji. Ta biyu ita ce haya, albashin masu kula da sauran abin da ba ya damuwa da inji ya tashi ko bai tashi ba, miliyan 12, a raba da awa 30,000, ya zama naira 400 kowace awar ƙwadago. Jimillar ba ta canza ba, miliyan 36 ɗin nan ce, mai ɗaukarta ne ya canza.

Na koma kan katuna biyu da aka riga aka rufe. Teburi 200 sun ci awar ƙwadago 1,000 da awar inji 100. A tsohon lissafi na ɗora musu naira 1,200,000. A sabo, 400,000 na ƙwadago da 400,000 na inji, 800,000 ke nan. Mun riƙa kumbura kowane teburi da naira 2,000, kuma a kwangilar makaranta wannan ya isa ya fitar da kai. Ƙofofi 10 sun ci awar ƙwadago 300 da awar inji 200. Tsohon lissafi ya ce 360,000. Sabo ya ce 120,000 da 800,000, wato 920,000. Bambancin naira 56,000 ne a kowace ƙofa, alhali ribar da muke zaton muna ci 50,000 ce. Kowace ƙofa muna raka ta da naira 6,000 daga aljihunmu, ga godiya da addu'a muna yi wa mai saye.

Da na kai wa mai gida takardar, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, kana nufin ƙofar da muke taƙama da ita?" Na ce, "Ita fa, ranka ya daɗe." Ba mu daina yin ƙofa ba. Mun ƙara mata kuɗi, mun rage wa teburi, kuma muka fara tara ayyukan faranti a rana guda maimakon a tayar da babban janareta saboda ƙofa ɗaya.

Awar inji tana da tarko. Idan injuna uku suna aiki a kan janareta ɗaya na awa guda, awar inji uku ce amma awar janareta ɗaya. Duk wadda ka zaɓa ka raba da ita, da ita za ka riƙa ɗorawa a kati. Idan ka raba da ta janareta ka ɗora da ta inji, za ka caji kwastoma ninki uku. Kuma injin lanƙwasa da ƙaramar giranda ba cinsu ɗaya ba, don haka ban ƙidaya ƙananan kayan hannu, manyan injuna kawai ke da littafi.

Akwai masu ganin a raba tukwanen har goma ko fiye, kowace hidima da ma'auninta, salon da ya yi tashe a Amurka a ƙarshen shekarun 1980. A babban kamfani mai kwamfuta a kowane sashe yana da amfani. A wurinmu, inda foman ke cike takarda da hannu mai baƙin mai, tukunya ta huɗu ma ƙarya za ta fara haifarwa. Ta uku kaɗai na ƙara, kuɗin shiri: awo, zane, saita inji da yin samfuri. Wannan wahalar ɗaya ce ko taga biyu za a yi ko hamsin, don haka kowane aiki yana biyansa sau ɗaya. Ƙananan ayyuka sun ɗan yi tsada, kuma daidai ne su yi.

Wani kuskuren da na kusa faɗawa shi ne sake lissafin adadin kowane wata da ainihin awannin watan. Tukunya ta biyu miliyan 1 ce a wata. A watan da aka yi awa 2,500, naira 400 ce. Idan damina ta yi nisa gini ya tsaya aka yi 1,250, sai ta koma 800. Ma'ana ka ƙara farashi daidai lokacin da babu masu saye, su ƙara guduwa, wata mai zuwa adadin ya ƙara hawa. Ana tsayar da adadin ne tun farkon shekara a kan abin da masana'anta ta saba yi idan an haɗa watannin cika da na ƙarancin aiki. Ƙa'idar IAS 2 ta lissafin haja, wadda take cikin IFRS, tsarin lissafin kuɗi na ƙasa da ƙasa da Najeriya ta fara bi a 2012, haka ta tanada: ɗawainiyar da ba ta canzawa a raba ta bisa aikin da aka saba yi, abin da ya rage saboda ƙarancin aiki a rubuta shi kashe-kashen wannan lokacin, kada a ɓoye shi a darajar kayan da ke ajiye. Ita ce kuma ta hana a zuba kuɗin talla, hidimar ofis da ɓarnar da ta wuce ƙima a cikin darajar haja. Saboda haka man motar mai gida da albashina ba sa cikin tukwanen nan. Wajen yanka farashi dai ina tuna su, daga ribar da aka ɗora suke fita.

Tunda adadin ƙiyasi ne, ba zai taɓa yin daidai da abin da aka kashe ba. A shekarar da ta fi ba mu wuya injuna sun yi awa 5,800, na ɗora wa katuna miliyan 23.2, amma tukunyar inji ta cinye miliyan 29. Giɓin miliyan 5.8 ne da babu kwastoman da ya biya. Kaɗan daga ciki na ƙarancin awanni ne, mafi yawa na tsadar makamashi. Gas ya riga ya yi tsalle tun 2022, sannan a Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta NERC ta kai kuɗin wutar rukunin Band A, waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, fiye da ninki uku. Ni kuwa na bar adadin Janairu yana tafiya har Disamba. Idan giɓi ƙarami ne, ana zuba shi a kuɗin kayan da aka sayar a wuce. Idan babba ne kuma tashin farashi na gaskiya ya kawo shi, sai a raba shi tsakanin aikin da ke hannu, wanda aka gama ba a ɗauka ba, da wanda aka sayar, gwargwadon ɗawainiyar da kowanne ya ɗauka.

Yanzu tukunya ta biyu shekara take yi ban taɓa ta ba, sai in haya ko albashi ya canza. Ta inji kuwa duk wata uku nake buɗe ta, kuma idan litar gas ta motsa da kashi 10 cikin 100 ba na jiran wata ukun. Duk Asabar mai sito yana kawo min abu biyu: lambar da ke kan mitar awa ta janareta, da litar da aka zuba a makon. Idan lita ta hau awa ba ta hau ba, ko injin na neman sabis ko jarka na fita ta ƙofar baya, kuma cikin mako guda ake gane wanne ne.