Saƙon godiya bayan sallamar mahaifinmu daga asibiti

A madadin iyalanmu baki ɗaya, ina miƙa godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, sannan ga likitoci da ma'aikatan jinya na sashen cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, waɗanda suka kula da mahaifinmu tun daga ranar da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye har aka sallame shi. Kowa ya yi iya ƙoƙarinsa, amma godiya ta musamman ta tabbata ga waɗanda suka tsaya a kansa a lokutan cin abinci.

Kusan rabin waɗanda wannan lalura ta kama sukan samu matsalar haɗiya a kwanakin farko, kuma idan loma ko kurɓin ruwa ya kauce ya bi hanyar numfashi, yana iya haddasa ciwon huhu, wani lokaci ma ba tare da majinyacin ya yi ko tari ba. Saboda haka ne aka hana mu ba shi ko da ruwa kafin a gwada haɗiyarsa, aka kuma ciyar da shi ta robar hanci na wani lokaci. Hanin ya yi mana nauyi ƙwarai, domin babu ɗan da zai so mahaifinsa ya nemi ruwa ya tsaya yana kallonsa, sai dai an yi mana bayani cikin natsuwa har hankalinmu ya kwanta.

Da aka mayar da shi kan abinci mai laushi da ruwan da aka kaurara, wata ma'aikaciyar jinya kan ɗaga gadon har ya zauna sosai, ta jawo kujera daidai fuskarsa, ta ce, "Baba, a hankali, babu inda za mu je." Rabin cokali take ɗiba, ta jira ya haɗiye, sannan ta duba kuncinsa na hagu inda abinci kan maƙale bai sani ba. Ita ce ta lura cewa gefen dama na farantin kaɗai yake ci, saboda ƙwaƙwalwarsa ta daina lura da abin da ke hagunsa, sai ta riƙa juya masa farantin. Idan abinci ya zubo masa a haɓa, takan goge ba tare da ta katse hirarsu ba, kuma ni a ganina wannan ne ya sa dattijon da kunya ta fara hana shi ci a gaban mutane ya dawo yana karɓa. Bayan an gama takan wanke masa baki, ta bar shi a zaune kimanin minti 30.

Muna kuma godiya ga ƙwararriyar da ke koya masa haɗiya da magana, da ma'aikatan ɗakin girki da suka yi ta ɗumama abincinsa idan ya huce, da 'yan'uwa da abokan arziki da suka zo dubiya suka haƙura a waje har ya kammala. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri. Baba yana ci gaba da atisayen haɗiya a gida, muna roƙon a ci gaba da sa shi a addu'a.