Ganye takwas da na kwashe a dajin Waigeo

Har yau in na tuna da safiyar nan raina sai ya sosu. Kwana uku kacal na ware wa tsibirin Waigeo na ƙasar Indunusiya, kuma da hannuna na ɓarar da ɗaya, a kan busassun ganye da ba su kai goma ba.

Daga birnin Sorong jirgin ruwa ya sauke ni a Waisai, wani gari a Waigeo, bayan kamar awa biyu. Tsuntsu guda ne ya kawo ni: tsuntsun aljanna na Wilson, wanda 'yan Indunusiya ke kira cenderawasih botak, wato mai sanƙo. Duk faɗin duniya ba a samunsa sai a Waigeo da maƙwabcinsa Batanta, cikin tsibiran Raja Ampat. Tsawonsa wajen santimita 16 ne in ba a haɗa da wutsiya ba, kaɗan ya ɗara gwara.

Da duhun asuba muka kama hawan tudu da tocila, laka har idon sawu. Muka isa wata 'yar bukkar ganye mai ƙananan kafofin leƙe. A gabanta akwai fili ɗan mitsitsi, an share shi tas kamar tsakar gidan amarya, da siririn itace a tsaye a tsakiya. Wannan shi ne fagen da namijin tsuntsun ke baje adonsa don jan hankalin mace. Ɗan jagorana, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya tsuguna ya watsa ganye a kai, sannan ya koma ƙasa taro wasu baƙi. Bai yi mini bayani ba, ni ma ban tambaya ba. Nan ne laifina ya soma.

Gari ya fara haske. Na leƙa ta kyamara, na ga ganyen za su ɓata mini hoto. Sai na fito daga bukkar, na taka cikin fagen, na tsince su ɗaya bayan ɗaya. Takwas ne, na ƙirga. Ina miƙewa na ji kukansa a bisa kaina, mai kaifi. Ashe yana nan yana kallona. Na koma na zauna, sauro na cizo, har rana ta ɗaga. Ya yi ta kuka daga reshe zuwa reshe, amma ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

Da dattijon ya dawo ya ga sawun takalmina, bai ɗaga murya ba. Pak yake kirana, yadda suke girmama namiji a can. Ya ce shara aikin tsuntsun ce, ganyen kuma su ne ke sauko da shi, don ba ya jure ganin datti a fagensa. Daga baya na gane da wannan dabarar David Attenborough, Baturen nan mai shirya fina-finan namun daji, ya jawo irin tsuntsun gaban kyamara a 1996. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ni kaɗai na yi asara ba: baƙin nan biyu su ma sun hau tudun a banza saboda ni.

Washegari na sake biyan kuɗin jagora, na zauna ban ko motsa ba. Tsuntsun ya diro kamar an jefo garwashi. Baya ja wur, wuya ruwan ɗorawa, ƙafafu shuɗi, wutsiya zare biyu kowanne a nannaɗe kamar ƙugiya. Kan nan kuwa ba gashi ba ne, fata ce tsirara, shuɗiya mai sheƙi da baƙaƙen layuka a gicciye, tana haskawa tun dajin bai gama wayewa ba. Ya ɗauki ganye da baki ya wurgar gefe, ya ɗauki wani, har ya kai ga tsinke ɗanyen ganyen da ya rataye kusa da fagen.

Sai macen ta zo, ruwan ƙasa, ita ma da sanƙonta. Ta sauka a kan siririn itacen nan, sama da shi. Sai ya manne a ƙasanta, ya baje gashin ƙirjinsa ya zama faifai kore shar yana fuskantar sama. Daga bukka ƙirjin kusan baƙi yake, don an yi adon ne domin mai kallo daga bisa. A nan na fahimci amfanin sharar: sai ƙasa ta zama fili babu tarkace launin ke fita sosai a idonta. Wurin da na tattake da takalmi ke nan.

Duk mai niyyar zuwa, ya shiga bukka tun da duhu, kada ya fito sai ɗan jagora ya ce. Abin da ya ga an ajiye a fage, ya bar shi yadda ya gan shi, in bai gane ba ya yi tambaya tun a hanya. Ya kuma ware kwanaki fiye da nawa. Rana ta uku ruwa ya kwana yana zuba, tudun bai hawu ba. Safiya ɗaya na samu, alhali biyu Allah ya ba ni.