Dagi da Tsinke Biyu: Abin da Na Kwaso a Taron Masuntan Ƙanƙara

Ina shekara ta uku a jihar Minnesota ta Amurka wani dattijo da muke aiki tare ya matsa mini sai na raka shi taron masu kamun kifi a kan ƙanƙara, wanda ake yi kwana uku a zauren RiverCentre da ke birnin St. Paul, farkon watan Disamba. Ya san ni ɗan gidan masunta ne, don na taɓa ba shi labarin yadda mahaifina yake shiga kogi da homa da gora. Sai dai a lokacin ban taɓa taka tafkin da ya daskare ba. Ina wucewa a mota ina hango mutane zaune a kan bokiti tsakiyar ruwa, ina yi musu addu'a a zuciya.

Da muka shiga na ga kasuwa ce sosai. Rumfa na bin rumfa, ga injinan huda ƙanƙara masu batir, ga tantuna, ga riguna masu hana mutum nutsewa, har da ɗakuna masu taya da ake ja da mota a ajiye a kan tafki, da gado da murhu a ciki. Iyaye na tafe da 'ya'ya, tsofaffi sun yi cirko-cirko suna musu a kan ƙugiya wadda ba ta kai ƙwayar wake ba. Wani ya ɗora mini guda biyu a tafin hannu, ɗaya ta dalma ɗaya ta ƙarfen tungsten, girmansu ɗaya amma ta biyun ta fi nauyi, don haka ta fi saurin isa ƙasa kafin garken kifin ya wuce. Sunan da na fi ji a bakin mutane shi ne Dave Genz, mutumin da ya ƙirƙiro tantin Fish Trap, wanda ake ja kamar ƙaramin kwale-kwale sannan a kifo rufinsa a zauna ciki. Shi ya yaɗa ɗabi'ar bin kifi rami zuwa rami maimakon a kafe wuri guda ana jiran rabo.

Abin da ya tafi da hankalina shi ne na'urar Vexilar, mai nuna kifi a ƙarƙashin ƙanƙara. Fuska gare ta zagayayya mai walƙiya da ja da ruwan lemo da kore. Ana zura mata wani ɗan abu cikin ramin, sai ta riƙa aika sauti ƙasa tana karɓar amsa. A kwatancen da aka yi mana, ƙugiyar ta fito kamar siririn layi, kifi kuma ya taso daga ƙasa a matsayin jan layi mai kauri, yana matsowa a hankali har layukan biyu suka haɗe. Na tsaya a rumfar nan kusan rabin awa ina lissafin daruruwan daloli a kaina.

Dattijon nan ya ja hannun rigata ya ce, "Yaro, bar wannan tukuna. Zo mu je lacca."

Laccar a kan kaurin ƙanƙara ce, kuma kujerun ba su cika ba, alhali wadda aka yi kafinta a kan dabarun kama walleye, kifin da jihar ta ɗauka a matsayin tambarinta, har tsaye mutane suka yi. Wannan ya dame ni daga baya, domin wadda aka raina ita ce ta rai da mutuwa. Mai laccar ya fara da ƙa'idar hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar: inci 4 na sabuwar ƙanƙara garau kafin mutum ya taka da ƙafa, ƙasa da haka kada a kusanta. Farar ƙanƙara, wadda ta samu daga dusar ƙanƙarar da ta jiƙe ta sake daskarewa, rabin ƙarfin garau ɗin take da shi, saboda haka sai a ninka adadin. Ya ce dusa bargo ce, idan ta rufe tafki tana hana ƙanƙarar ƙara kauri. Ruwa mai gudu a ƙarƙashi, bakin rafi, mashigi tsakanin tsibirai, duk suna cin ta daga ƙasa ba tare da ido ya gani ba. Ya tuna mana abin da ya faru a tafkin Upper Red a watan Nuwamban 2022, inda ƙanƙara ta ɓalle daga gaɓa da mutum kusan 200 a kai, sai da aka kwaso su.

A nan ne kuma na fahimci abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, wato yadda kifi ke rayuwa ƙarƙashin wannan dutse. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4 na ma'aunin Celsius, sai ya kwanta a ƙasa, wanda ya fi shi sanyi ya tsaya sama ya daskare. Tafki daga sama yake rufewa, ƙasansa na nan ruwa. Na yi tasbihi a zuciyata.

Sai ya ɗaga abu biyu. Na farko doguwar sandar ƙarfe ce mai faffaɗan baki, ni dai da na gan ta dagi na gani, irin wanda ake haƙa ramin shinge da shi. Ana tafe ana sara gaba, sara mai ƙarfi, idan ruwa ya ɓullo sai a juya. Na biyun tsinkunan ƙarfe ne guda biyu masu mariƙi, kamar basilla, haɗe da igiya ana rataya su a wuya a saman riga, ba a aljihu ba. Ya koya mana lissafin 1-10-1 na Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba: minti 1 ka shawo kan numfashinka, domin sanyin yana sa mutum ya shaƙi iska da ƙarfi ba da sonsa ba, minti 10 da hannuwanka za su yi maka aiki, kimanin awa 1 kafin sanyi ya sumar da kai. Ka juya ka fuskanci inda ka fito, tunda can ne ƙanƙarar ta ɗauki nauyinka, ka kafa tsinkunan, ka miƙe ƙafafu a baya kana bugun ruwa, ka ja jiki ka fito, sannan ka mirgina, kada ka miƙe tsaye.

Ban sayi na'urar ba ranar. Na fito da dagi da tsinkuna da ƙaramar sandar fatsa da ba ta kai tsawon hannuna ba. Da na isa gida uwargida ta dubi ƙarfen ta ce, "Maigida, noma za ka koma?" Na kwashe laccar kaf na faɗa mata, ta yi shiru, sannan ta ce in riƙa gaya mata sunan tafkin da lokacin dawowa. Na riƙe wannan har yau.

A watan Janairu muka fita wani ƙaramin tafki ni da dattijon. Na sayi lasisi, wanda ya ba ni damar zura fatsa biyu a lokacin ƙanƙara. Kusa da gaɓa muka huda muka auna, inci 11, garau kamar gilashi, har ana ganin kumfar iska a daskare a ciki. Muka zauna awa biyu babu ko motsi. Sai na hango wani mashigi inda tafkin ya tsuke, zuciyata ta ce kifi na can, domin a kogi irin wurin nan mahaifina yake nema. Na ɗauki dagi na nufi wurin. Da farko ƙarar saran tsaf take, mai kauri. Can sai ta canza, ta zama kamar ana buga ƙwarya. Sara na biyu bakin ƙarfen ya wuce, baƙin ruwa ya taso ya kewaye takalmina. A ido babu bambanci ko kaɗan tsakanin nan da inda muka zauna, dusa ce fara a shimfiɗe. Gwiwoyina suka yi sanyi. Na ja da baya a kan sawuna, taki ɗaya bayan ɗaya, hannuna ɗaya na kan tsinkunan.

Ilimin kogi ne ya kusa cutar da ni. Wurin da ruwa ke gudu shi ne alheri ga mai homa, shi ne kuma tarko ga mai tafiya a kan ƙanƙara. Dattijon bai yi mini faɗa ba. Ya miƙo mini shayi mai zafi, ya ce in nuna masa daidai inda sautin ya canza, muka sanar da wasu mutum biyu da ke shirin bin hanyar.

Yana ta kwaɗaita mini gasar da ake yi a tafkin Gull kusa da Brainerd tun 1991, inda mutum sama da dubu goma ke taruwa, kowa da raminsa. Da ya kwatanta mini sai Argungu ta faɗo mini, taron jama'a a kan ruwa guda ana jiran a ba da izini. In Allah ya yarda zan je.

Ranar dai na yi sallar La'asar a cikin tanti, a kan tabarmar roba, ƙofa a ɗan buɗe saboda hayaƙin hitar gas da ba ya wari amma yana kisa. Dab da faɗuwar rana, wajen ƙarfe biyar, kan sandata ya ɗan sunkuya. Na ja a hankali. Kifi ne mai ratsi-ratsi, wanda suke kira perch, bai wuce tafin hannuna ba. Na ɗauki hotonsa na tura wa Baba, ya kira ni nan take yana tambaya ko da gaske a kan ruwa nake tsaye.