Katin rigakafin Hajiya

Yau ina gyara wa Hajiya ɗaki na ci karo da katinta na rigakafin korona, a naɗe cikin leda tare da tsohon carbinta. Nan take komai ya dawo mini sabo.

Na tuna kullen Kano na Afrilun 2020. Ga azumi, ga kasuwanni a garƙame, kullum sai ka ji sanarwar rasuwar wani dattijo. A layinmu kaɗai mun raka biyu makwancinsu cikin mako guda. Allah Ya jiƙansu.

Da allurar ta iso a Maris ɗin 2021, Hajiya ta ce atafau ba da ita ba. "Ɗan nan, ka manta gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a garin nan a 1996?" Wallahi ban ga laifinta ba. Wata biyu ina lallashi a banza. Sai da ƙanwarta, ma'aikaciyar jinya, ta nuna mata nata katin, ta kuma raka ta asibiti da kanta.

A Disamba, da sabon nau'in korona mai suna Omicron ya ɓulla, Ingila ta rufe wa 'yan Najeriya ƙofa. Abin ya ƙona mini rai. Hajiya ta dube ni: "To, ina amfanin allurar taku?"

Na ce, "Hajiya, ba ga ki nan zaune muna hira ba?"

Ta yi shiru, ta miƙo mini ɓarin goro.