Darussan da na koya daga aikin baƙin rami

Ranar Alhamis na miƙa makullin ɗakin renda, inda kwamfuta ke fitar da hotunan katun, na kwashe kayana, bayan shekara huɗu. Waɗanda muka zauna tare sun san aikin da ya raba ni da wurin: katun ɗin nan na minti bakwai a kan baƙin rami, wurin nan a sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa, wanda aka ba mu kwangilarsa domin ɗaliban sakandare. Kowa ya ji ta bakin oga. Tawa ce ba a ji ba.

Da aka ɗora mini fitowar ramin, abin da ke kaina shi ne abin da ke kan kowa, wato wani baƙin baki a sama yana zuƙe taurari kamar yadda ruwa ke juyawa ya shige magudana. Kafin in buɗe manhajar zane ta Blender sai na ce bari in ɗan karanta. Mako biyu na yi ban zana komai ba. Ashe baƙin rami ba ya zuƙo abin da ke nesa da shi. Da rana za ta dunƙule ta zama baƙin rami, daga tsakiyarta zuwa bakinta kusan kilomita 3 ne kacal, kuma duniyarmu za ta ci gaba da zagaya ta yadda ta saba, sai dai duhu da sanyi. Abin da ya fi kama ni shi ne haske. Nauyin ramin yana lanƙwasa hanyar haske, har a faifan iskar gas da ke zagaye da shi, ɓangaren da ke bayansa, wanda ya kamata ya ɓuya, sai ka gan shi ya taso ta sama kamar rawani, wani kuma ya leƙo ta ƙasa. Gefen da ke juyowa wajenka kuwa ya fi ɗaya gefen haske nesa ba kusa ba. Jean-Pierre Luminet, masani ɗan Faransa, ya fitar da wannan siffa tun 1979. Kwamfuta ta yi masa lissafi, shi kuma ya zauna da tawada yana ɗiga ɗigo ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. Na buga zanen nasa na manna a bango kusa da hoton baƙin ramin da ke tsakiyar tarin taurari na M87 da aka nuna wa duniya ranar 10 ga Afrilu, 2019, zoben nan mai ruwan lemo da ƙasansa ya fi haske.

Daga karatun nan fitowata ta fito. Yarinya 'yar sama jannati ta saki fitila mai ƙiftawa zuwa ramin. Da farko ƙiftawar tana zuwa duk daƙiƙa, sai tazara ta fara tsawo, hasken ya koma ja, ya yi ta dushewa, fitilar kamar ta tsaya cak a bakin iyakar da ba a dawowa. Ba kiɗa, sai numfashin yarinyar. Da tunanina kaɗai na dogara, wallahi ba zan taɓa kawo wannan ba. Lissafin Einstein ne ya ba ni. Kowane firem, wato hoto guda na katun, yana cin minti goma sha ɗaya a tsohuwar kwamfutarmu, ga ɗaukewar wuta, don haka kwana da yawa a kan benci na yi su ina jiran janareta.

Oga ya kalla a tsaye, wayarsa a hannu. Ya ce, "Gefe ɗaya ya fi haske, ka gyara fitilarka. Kuma ina zuƙar? Yara zuƙa suke son gani." Na ce, "Ranka ya daɗe, haka abin yake a zahiri." Ya ce, "Zane aka ɗauke ka ko koyar da fiziks?" Cikin kwana biyar na mayar masa da magudana.

Nan na yi kuskuren da har yau yake cin raina. Ban ce ya rubuto mini umarnin ba, ko da a WhatsApp ne, kuma cikin fushi na adana sabon aikin a kan tsohon. Ranar da masu kwangila suka zo kallo, malamar fiziks da ke cikinsu ta ɗaga hannu a minti na uku ta ce a tsaya. "Wa ya ce muku baƙin rami yana zuƙa haka? Abin da muke fama mu cire daga kan yara ke nan." Oga ko ƙifta ido bai yi ba, ya nuna ni ya ce, "Hajiya, yaronmu ne, bai yi bincike ba." Mutum biyu a ɗakin sun ga aikina na farko. Duk suka sunkuyar da kai, ni kuma ba ni da abin nunawa.

Mako uku na yi ina sake gina fitowar, ba a ƙara mini ko sisi ba. Malamar ta kalli fitilar tana dushewa ta ce a maimaita mata. A jerin sunaye na ƙarshen fim, ƙarƙashin "binciken kimiyya", sunan oga ne.

Ban ce mai zane ba shi da ikon kauce wa kimiyya ba. Ko a fim ɗin Interstellar na 2014, da masanin fiziks Kip Thorne ya ba su lissafin, sun daidaita hasken gefen biyu don kada masu kallo su rikice. Amma sun san abin da suka cire, har suka bayyana shi a takardar da suka wallafa a 2015, ba su ɗora wa wani yaro laifi ba.

Ga ƙannena da na bari a can: duk gyaran da aka ce ku yi da baki, ku aika saƙo ku ce "kamar yadda ka umarta". Kowane mataki na aiki ku ba shi suna da kwanan wata, kar ku adana a kan tsoho. Ku karanta kafin ku zana. In an yaba aikinku a ɗaki, ku faɗi sunanku da bakinku.

Yanzu gajeren fim nawa nake yi a gida, a kan ramin da ke tsakiyar tarin taurarinmu, Sagittarius A*, mai nauyin rana kusan miliyan 4. Yarinyar da fitilarta sun biyo ni, kuma gefen hagu na faifan ya fi na dama haske.