Tallata taron fasaha a garin da mutane ke dawowa kwana kawai

Garin da nake zaune yana gefen babban birni, kuma yawancin mazaunansa da sassafe suke fita aiki, ba sa dawowa sai duhu ya shiga. Shekara 3 ke nan ina cikin wata 'yar ƙungiya da ke shirya baje kolin zane-zane, wasan kwaikwayo da daren karanta waƙoƙi, kuma ni aka ɗora wa aikin sanar da jama'a.

Taronmu na farko baje kolin zanen wata matashiya ne. Na buga fostoci masu ado, na manna su a tsakiyar gari da ƙofar ɗakin taro, muka sa lokaci ƙarfe 5 na yammacin Alhamis. Kujerun da muka jera sun fi mutanen da suka zo yawa nesa ba kusa ba, kuma galibin waɗanda suka zo dangin mai zanen ne. Wani dattijo da ya iso muna tattara kaya ya ce mini, "Ɗana, a ƙarfe biyar ai muna cikin cunkoson hanya." Sai a lokacin na lura cewa tsakiyar garin da na cika da fostoci ma wuri ne da mutanen da nake nema ba sa bi sai ƙarshen mako.

Daga nan na koma tashar mota, inda mutum kan yi minti goma a tsaye ba abin da yake kallo sai bango ko wayarsa. Na rage rubutun fosta zuwa abin da za a yi, da wuri, da lokaci, da ko akwai kuɗin shiga, na kuma ƙara girman haruffa yadda wanda ke cikin mota zai iya karantawa ta taga. Ban so rabuwa da adon ba, amma ranar da na ga wata mata ta ɗaga waya ta ɗauki hoton fostar tana sauri ta kama mota, na daina gardama da kaina.

Facebook ya yaudare ni na ɗan lokaci, domin mutane da yawa sukan nuna sha'awarsu ga taro alhali ƙalilan ne ke zuwa. Zaurukan WhatsApp na unguwanni da na iyayen yara sun fi amfani, musamman idan maƙwabci ne ya tura saƙon da safe, lokacin da mutane ke zaune a mota, sannan a tunatar da su ana gobe taro.

Abin da ya fi ɗaukar ni lokaci kafin in gane shi ne cewa abokan gasarmu su ne gajiya da kuma birnin kansa, tunda mutane sun saba ɗauka cewa duk abin kirki can yake. Ba za mu iya gogayya da manyan ɗakunan wasa ba, don haka na fara tallata abin da birni ba zai ba su ba: wurin da za su zo da ƙafa, su taho da yara, su koma gida da wuri. Mun mayar da taronmu yammacin Asabar, muka kuma roƙi malaman makarantu su kawo zanen ɗalibansu a rataya a gefe guda, domin uban da ba zai fito don fasaha ba, zai fito don ɗansa.

Yanzu a kowane taro nakan tsaya a bakin ƙofa da littafi ina tambayar masu shigowa inda suka ji labari. Tashar mota da maƙwabta ne suka fi cika shafukan, kuma da wannan littafin nake yanke yawan fostocin da zan buga a taro na gaba.