Abun da kujerar duba layi ta koya min a wasan badminton

A nan Zariya in ka ce ma mutum kana aikin alƙalancin badminton dariya yake fara yi, wai wasan 'yan gayu me zai yi da alƙali, ba duka ba ture, raga ma ta raba ku kowa na ɓangarensa. Ni karatun motsa jiki ne ya kai ni Samaru, kuma akwai kwas ɗin da dole kowa ya ɗauki wasa ɗaya ya koyi dokokinsa har ya iya yanke hukunci. Kusan kowa ƙwallon ƙafa ya ruga, layi ya yi tsawo, shi ya sa na faɗa hannun wani dattijon koci da ya daɗe yana koyar da badminton, mutum ne mara yawan magana amma in ya kalle ka ta saman tabarau ka san akwai gyara.

Bai fara da ba ni raket ba. Kujera ya ajiye min a bayan fili ya ce layin nan shi ne naka, ba ruwanka da wasan. Aikin mai duba layi alama uku ce kawai. In shatil, wato ƙwallon nan mai gashi da ake bugawa, ta faɗo ciki ka yi shiru ka nuna layin da hannun dama. In ta fita ka ɗaga murya ka ware hannuwa biyu. In kuma ba ka gani ba, ka sa tafukan hannu ka rufe idonka, shikenan sai alƙalin da ke kan doguwar kujera ya yanke in ya gani, in shi ma bai gani ba a sake bugawa. Na ce masa Malam, wannan ta ukun ai abun kunya ne, mutum ya zauna don ya duba layi kuma ya ce bai gani ba? Ya ce yaro, ita ce ta fi wahala, kuma da ita nake gane wanda zan iya ba amana.

Sai da aka fara sa ni a ƙananan gasa na gane me yake nufi. Zauren da muke amfani da shi layukan kwando da na bolibol da na badminton duk a ƙasa ɗaya suke, sun hau kan juna, ga ƙurar hunturu ta dushe fentin. Simash, wato bugun ƙarfi daga sama zuwa ƙasa, ya taho kaman walƙiya, ƙafar ɗan wasa ta tare maka ido daidai lokacin da gindin shatil ya taɓa ƙasa, kuma gindin nan ne hukunci, inda ya fara sauka, ko a kan layi ne ciki ne. A daƙiƙa ɗaya mutum talatin na bayanka suna ihun ta fita ta fita, wanda ke bugawa kuma ɗan Tudun Wada ne da kuke hawa mota ɗaya zuwa gida. Wallahi hannunka da kansa yake son ya ware. Ba wai kana son cuta ba, a'a, so kake a ga ka san aikinka, kuma canki-canka ya fi sauƙi a kan ka nuna ma zaure guda cewa abun ya wuce ka. Yawancin zaluncin da na gani a filayenmu daga nan yake fitowa, mutumin kirki ne da ya ji nauyin ya ce ban gani ba.

A manyan gasa sun rage wannan matsalar. Tun 2014 hukumar badminton ta duniya, BWF, ta kawo na'urar Hawk-Eye, ɗan wasa zai ɗaga hannu ya ƙalubalanci hukuncin layi a nuna a allo kowa ya gani. Haka batun sabis, wato bugun farko da ake sa shatil cikin wasa da shi. Da doka ta ce a buga shatil ƙasa da ƙugu, toh ina ƙugun yake a cikin riga, na dogo da na gajere ɗaya ne? Rigima ba ta ƙarewa. A 2018 suka yanke tsayi ɗaya ga kowa, mita 1.15 daga ƙasa, alƙalin sabis na duba ta cikin wani gilashi mai layi. Dogaye sun yi ƙorafi sosai sabida su ne sai sun duƙa, amma ni a ganina gyara ne mai kyau, an cire abun daga ra'ayin mutum an mai da shi awo. Mu nan ba mu da ko ɗaya daga ciki, idon mutum ne da tsoron Allahnsa.

Kuma ko da na'ura akwai ƙananan wayon da ba ta kamawa. Abokin karawarka ya ci maki huɗu a jere, sai ka tsiri neman a canza shatil alhali lafiyarta ƙalau, ko ka tafi goge zufa, ko ka kwance igiyar takalmi ka sake ɗaurewa, duk don ka sanyaya masa jini. Wani ya faki ido ya ɗan lanƙwasa gashin shatil don ta rage gudu, gashi 16 ne a jikinta kuma taɓa kaɗan ya isa ya canza tafiyarta. Wani tun kafin ta sauka ya kwatsa ihu don ya ja hankalin mai duba layi. Duk doka ta san da su, akwai katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa, akwai ja da ke ba abokin karawa maki, akwai baƙi na kora gaba ɗaya. Amma alƙali nawa ne zai zaro kati a kan igiyar takalmi?

Abun da ya fi daɗewa a kaina dai shi ne na Landan 2012, don mun yi musu a kai a aji har aka kusa ɓatawa. A gasar Olamfik ɗin nan ne karon farko da aka yi badminton da tsarin rukuni maimakon in an cinye ka ka tafi gida. A wasan mata 'yan bibbiyu Sin na da tawaga biyu. Ɗaya, Tian Qing da Zhao Yunlei, ta sha kashi ba zato a hannun 'yan Denmak ta ƙare ta biyu a rukuninta. Wannan ya nuna in ɗaya tawagar, Wang Xiaoli da Yu Yang waɗanda su ne na ɗaya a duniya lokacin, suka ci rukuninsu, toh za su haɗu da 'yan ƙasarsu tun kafin fainal, kenan ba za a samu zinare da azurfa duka su tafi gida ɗaya ba. Sai suka shiga wasansu na ƙarshe na rukuni da 'yan Koriya ta Kudu, Jung Kyung-eun da Kim Ha-na, da niyyar a cinye su. Su ma 'yan Koriyar suka gane dawan garin suka fara nasu. Ka nemi bidiyon ka kalla, 'yan wasan da suka fi kowa a duniya suna buga sabis cikin raga da gangan, suna jefa shatil waje, 'yan kallo a Wembley da suka biya kuɗinsu suna musu ihu, babban rafli ya shigo fili ya yi gargaɗi. Daga baya a daren wata tawagar Koriya, Ha Jung-eun da Kim Min-jung, da 'yan Indonesiya Greysia Polii da Meiliana Jauhari suka maimaita irinsa, kowa na gudun haɗuwa da Wang da Yu a zagaye na gaba. Ranar 1 ga Agusta aka kori duk su takwas daga gasar.

A ajinmu rabi sun ce an yi daidai, rabi sun ce ai dabara ce, wanda ya zo neman zinare ba laifi ba ne ya zaɓi hanya mai sauƙi, ko a ƙwallo ana ajiye manyan 'yan wasa a benci in an riga an tsallake. Ni ina ganin korar ta dace, don ajiye ɗan wasa daban, tsayawa a gaban mutane kana musu wasan kwaikwayo daban. Amma in ɓera na da sata daddawa ma na da wari. Wa ya zana jadawalin da faɗuwa ta fi nasara riba? Kowa na iya ɗaukar biro ya lissafa wa zai haɗu da wa tun kafin a buga wasan ƙarshe. Kuma 'yan matan nan ba su kaɗai suka zauna suka yanke shawara ba, akwai masu horarwa a bayansu, babban kocin Sin Li Yongbo da bakinsa ya fito ya ba da haƙuri. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce BWF da kanta ta canza tsarin, a Riyo 2016 a wasan 'yan bibbiyu sai an gama rukuni ake sake jefa ƙuri'a, ba wanda ya san da wa zai haɗu balle ya yi lissafi. Da laifin halin 'yan wasa ne kaɗai ai ba sai an taɓa jadawali ba.

Wani abun da ba a cika faɗa ba, ita Greysia Polii ɗin da aka kora, ita ce ta ci zinare a Olamfik na Tokiyo da aka yi a 2021 tare da Apriyani Rahayu. Shekara tara tsakani. Duk sanda wani a cikinmu ya ce yaron da aka kama da cuta sau ɗaya a rufe babinsa, sunanta nake kawo masa.

Maguɗin da ake yi don kuɗi kam ya fi wannan muni kuma hukuncinsa ya fi tsanani. A 2018 an dakatar da 'yan Malesiya biyu kan sayar da wasa, Zulfadli Zulkiffli shekara 20, Tan Chun Seang shekara 15, wanda ga ɗan wasa daidai yake da an ce ya ajiye raket har abada. Shi Zulfadli fa ya taɓa zama zakaran matasa na duniya. A farkon 2021 ma an hukunta 'yan Indonesiya takwas, uku daga ciki na har abada. In ka lura ba waɗanda suke kan gaba a duniya ake kamawa ba, na ƙasa-ƙasa ne masu yawon ƙananan gasa da kuɗin kyautar bai kai na jirgi da otal ba. Wannan ne ke ba ni tsoro a nan gida, yanzu da caca ta shiga wayar kowane yaro, ɗan wasan da ya ci bashi ya biya kuɗin mota zuwa Legas ko Abuja, ya sayi shatil da kuɗinsa, ba alawus ba komai, in wani ya zo masa da magana a bayan zaure, wa'azin koci kaɗai ne tsakaninsa da amsawa.

Faɗa ma ana yi, duk da ragar. A fainal ɗin gasar Kanada ta 2013 wasu 'yan Tailan biyu da a da tare suke bugawa, Bodin Isara da Maneepong Jongjit, suka kaure har ɗaya ya bi ɗaya da gudu zuwa filin da ke gefe yana naushi, Bodin ya sha dakatarwar shekara biyu. Toh masu cewa wasan 'yan gayu sai su ji.

Sai kuma ɓangaren da babu shi a littafin doka ko kaɗan. Ba inda aka rubuta cewa in shatil ɗinka ta taɓa saman raga ta faɗa ɓangaren abokin karawa ka ɗaga masa hannu alamar sa'a ce, amma kusan duk ƙwararre na yi. A fainal ɗin Riyo Carolina Marin ta Sifaniya ta doke P.V. Sindhu ta Indiya ta zube ƙasa tana kukan murna, Sindhu da aka cinye ita ta zagayo ta ɗaga ta, har raket ɗin da Marin ta yar ta ɗauke mata. A Paris 2024 ita Marin ɗin ta ci zagayen farko tana gaba a na biyu a wasan kusa da na ƙarshe sai gwiwarta ta sake tafiya, ta fita tana kuka. He Bingjiao ta Sin da ta wuce fainal ta dalilin haka, da ta hau karɓar azurfa sai ga ta riƙe da ɗan ƙaramin bajo mai tutar Sifaniya a hannu. Lin Dan na Sin da Lee Chong Wei na Malesiya kuwa, Lin ne ya hana Lee zinare har sau biyu, 2008 da 2012, da Lee ya rama a Riyo rungumar juna suka yi suka yi musayar riga. Koci na son waɗannan labaran amma ba ya yarda a tsaya a kansu, yakan ce wannan a gaban kyamara ne, ku nuna min wanda raket ɗinsa ya taɓa raga alƙali bai gani ba ya faɗa da bakinsa.

Yanzu da nake koyarwa a wata sakandare ta wajen Sabon Gari, yaran sun san sunan Anuoluwapo Opeyori da ya riƙe tutar Najeriya a Paris, sun san Eniola Bolaji da ta ci tagulla a gasar nakasassu ta shekarar, kowa so yake ya iya simash. Ina barinsu su yi, amma in za mu haɗa gasa da wata makaranta akwai abubuwan da ba na sassautawa. Mai duba layi ba zai fito daga makarantar da ke bugawa ba, ko da kuwa sai na biya ma wani kuɗin keke napep daga aljihuna. Ƙuri'ar zagaye na gaba a gaban kowa ake jefa ta bayan an gama rukuni. Shatil alƙali ne ke riƙewa, ba 'yan wasa ba. Wani malami abokin aikina ya ce na cika tsanani a kan wasan yara da kofin roba ne kyautarsa, na ce masa ranka ya daɗe zo ka zauna a kujerar layi ranar Asabar, har yau dai bai zo ba.